Maiƙo, Ɗaukewar Al'ada da Lafiyar Hanta da Ƙoda: Tambayoyi da Amsoshi

Tambayoyin nan daga bakin mata suka fito, a Birnin Kebbi da kewaye. Wasu a ɗakin awo aka yi su, wasu a gidan biki bayan an janye ni gefe an rage murya. Mun tattara waɗanda suka fi yawan dawowa. Amsoshin ba sa ɗauke wa kowa zuwa wajen likita, amma za su sa mace ta san abin da za ta tambaya idan ta je.

Mene ne istirojin, kuma ina ruwansa da hanta da ƙoda?

Sinadari ne da ma'ajiyar ƙwan mace ke samarwa tun daga balaga. Shi ke tafiyar da al'ada tare da wasu sinadarai, shi ya sa ake ɗauka aikinsa ya tsaya ga haihuwa. Bai tsaya nan ba. Yana yawo a jini, kuma ƙashi, jijiyoyin jini, hanta da ƙoda duk suna da wuraren karɓar saƙonsa. A hanta yana taimakawa wajen ƙona kitse da fitar da shi, ya hana shi taruwa. Yana sa jiki ya ji maganar insulin, sinadarin da ke shigar da suga cikin tsoka. A jijiyoyin jini kuma yana taimaka musu su saki, abin da ke sauƙaƙa wa ƙoda aiki. Wato shekara talatin da wani abu mace tana tafe da garkuwar da ba ta san tana riƙe da ita ba.

Yaushe yake raguwa? Sai an tsufa?

Yawancin mata al'ada na ɗauke musu tsakanin shekara 45 da 55, kuma ana tabbatar da haka ne idan aka yi wata 12 cur ba a ga jini ba. Amma raguwar takan fara shekaru kafin nan: al'ada ta rikice, zafi ya taso daga ƙirji zuwa fuska, a farka da dare zane ya jiƙe da zufa ko da hunturu ne. Akwai wadda tata ke ɗaukewa kafin 40. Akwai wadda aka yi wa tiyata aka cire ma'ajiyar ƙwai duka biyu, ita rana ɗaya sinadarin ke faɗuwa. Wasu magungunan sankarar mama su ma suna rage shi ko su tare masa hanya.

Mai shayarwa ma istirojin ɗinta na ƙasa, amma wannan na ɗan lokaci ne kuma ba shi muke magana a kai ba. Kada wata ta yaye yaro saboda ta karanta wannan.

Abincin da nake ci tun ina amarya shi nake ci, me ya sa sai yanzu tumbi ya fito?

Wannan ita ce tambayar da ta fi kowace muhimmanci. Tukunya ba ta canja ba, jikin da ke karɓar abin da ke cikinta ne ya canja. Lokacin da istirojin ke da yawa, jiki na ajiye rarar kitse a cinya da mazaunai, ƙarƙashin fata, inda ba ya ɓarna sosai. Da ya ragu sai ma'ajiyar ta koma cikin ciki, kewaye da hanji. Jinin da ke fitowa daga wannan yanki kuwa kai tsaye hanta yake nufa ta wata babbar jijiya, don haka duk abin da kitsen ciki ya saki, hanta ce ke fara karɓarsa. Ga tsoka na raguwa da shekaru, ga aikin gida ya koma hannun 'ya'ya da surukai, Hajiya ta samu hutu a kan tabarma.

Na taɓa zama kusa da wata gwaggona ana cin shinkafa da wake. Ta ɗauki kwalbar man gyaɗa ta zagaya kwanon sau biyu, har mai ya taru a gefe yana ƙyalli, sannan ta barbaɗa yaji. Na ce, "Gwaggo, man nan bai yi yawa ba?" Ta dube ni ta ce, "Ɗiyata, abincin da ba mai ai na marasa lahiya na." Ba ƙarya ta yi ba game da yadda aka tashe mu. Sai dai lokacin da ta saba da wannan zubi ita ke daka, ita ke ja daga rijiya, kuma garkuwarta na nan. Yanzu duka ukun babu. In kiɗa ya canja, rawa ma sai ta canja.

Hanya mai sauƙi ta sanin inda aka kwana ita ce tef ɗin tela. A auna ƙugu daidai tsakanin haƙarƙarin ƙarshe da ƙashin kwankwaso. Idan ya kai santimita 80 ga mace, ko 94 ga namiji, an shiga layin da ya kamata a lura, ko da sikeli bai nuna nauyi mai yawa ba.

An ce mini a hoton ciki an ga kitse a hantata. Shi ne ciwon hantar da ake tsoro?

Ba shi ba ne, ko da yake ƙarshensu na iya zama ɗaya. Abin da mutane suka fi kira ciwon hanta shi ne wanda ƙwayar cuta ke kawowa, musamman nau'in B da C. Binciken ƙasa da aka yi a Najeriya a 2018 ya nuna kusan kashi 8 cikin 100 na manya na ɗauke da nau'in B. Shi ana ɗaukarsa ta jini, ta saduwa, ko daga uwa zuwa jariri.

Kitsen hanta ba a ɗaukarsa daga kowa. Ana cewa akwai shi idan kitse ya wuce kashi 5 cikin 100 na hantar. A duniya kusan mutum ɗaya cikin manya uku ko huɗu na da shi, kuma da yawansu ba su taɓa kurɓar giya ba. A 2023 ƙungiyoyin likitocin hanta suka canja masa suna don su nuna cewa tushensa ƙiba ce da suga da hawan jini. Ga mafi yawan mutane kitsen yana zaune ne kawai. Ga wasu kuma yana tayar da kumburi, kumburin ya bar tabo, tabon ya yi ta taruwa shekara da shekaru har hanta ta ƙandare. Kafin ɗaukewar al'ada maza sun fi mata kamuwa da shi; bayan ta ɗauke mata na cim musu.

Inda gizo ke saƙar a wajenmu shi ne haɗuwar abu biyu ko uku a hanta ɗaya. Mace na da nau'in B ba ta sani ba, kitse ya zo ya hau kai, sannan ga gyaɗa ko masarar da ta yi fumfuna a ajiya, wadda ke ɗauke da gubar afalatoksin mai jawo sankarar hanta. Shi ya sa duk wadda aka ce an ga kitse a hantarta, ta nemi a yi mata awon B da C a ranar.

To ƙoda fa, ta yaya maiƙo ke isa gare ta?

Yawanci ba kai tsaye yake zuwa ba, zagayowa yake yi. Kowace ƙoda na da ƙananan matatai kusan miliyan 1, kuma su biyun suna tace ruwan jini wajen lita 180 a yini, su mayar da kusan duka, su fitar da lita ɗaya da rabi ko makamancin haka a fitsari. Abu biyu ne suka fi kashe waɗannan matatai a duniya: ciwon suga da hawan jini. Ƙibar ciki na kiran duka biyun. Ita kanta ƙibar tana sa matatan su yi aikin da ya fi ƙarfinsu, su buɗe, su fara yoyon furotin cikin fitsari. Matatar da ta mutu kuma ba ta dawowa, sauran ne ke ɗaukar kayanta.

An daɗe da lura cewa ciwon ƙoda ya fi saurin ci gaba a jikin maza fiye da matan da ke al'ada, kuma bayan ɗaukewarta hawan jini na ƙaruwa a mata. Masu kitsen hanta su ma sun fi waɗanda ba su da shi samun ciwon ƙoda. Idan kin taɓa yin hawan jini ko jijjiga a lokacin ciki, ko suga ya hau miki da juna biyu, ki faɗa wa likita ko da shekara ashirin ke nan. Wannan tarihi na ƙara haɗari.

An gwada wannan magana kuwa, ko hasashe ne?

An gwada, amma a san irin gwajin. Mafi tsafta a ɓeraye aka yi: a cire wa matansu ma'ajiyar ƙwai, a ba su abinci mai maiƙo, a kwatanta su da waɗanda ba a cire wa ba. Sau da yawa waɗanda aka haɗa wa biyun su ne hantarsu ke cika da kitse, ƙodarsu ta fi nuna lahani, kuma in aka mayar musu da istirojin abin ya sassauta. A mutane ba za a yi haka ba, sai dai a bi mata dubbai shekaru a ga abin da ya same su. Abin da aka gani ya tafi daidai da na ɓeraye, musamman ta fuskar hanta. Ɓera dai ba mutum ba ne, don haka ba a ɗauko sakamakonsa a rubuta wa mace magani.

Wane mai ya fi: man ja, man gyaɗa ko man shanu?

Kafin a zo ga wane, a fara da nawa. Kowane mai, komai tsadarsa, babban cokali ɗaya na ɗauke da ƙarfin abinci kusan kalori 120. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada maiƙo ya wuce kashi 30 cikin 100 na abin da mutum ke ci a yini, kuma mai daskarewa, irin na kitsen dabba, kada ya wuce kashi 10. Ga mace mai matsakaicin aiki wannan bai wuce cokali huɗu zuwa biyar ba, har da wanda ke ɓoye cikin nama, nono, gyaɗa da ƙuli-ƙuli. Abin da ya rage wa tukunya kenan wajen cokali biyu ga kowane mutum. Kwalba mai santilita 75 na cin cokali 50. A gidan mutum takwas ya kamata ta kwana uku. Idan tana ƙarewa a yini guda, an samu amsar.

Na san akwai gidaje da yawa da tsadar mai ta riga ta yi musu wannan awon, har ta wuce gona da iri. Ba su ake wa magana ba.

Sai nau'i. Man shanu, kakiɗe, kitsen tozo da na rago su ne suka fi yawan mai daskarewa. Man ja kusan rabinsa ne, sai dai yana da sinadarin da jiki ke mayarwa bitamin A, muddin ba a soya shi har ya yi fari ba. Man gyaɗa da na waken suya sun fi sauƙi ga jijiyoyin jini. An kuma gwada a mutane: idan aka ci rarar abinci daidai wa daida, mai daskarewa ya fi tara kitse a hanta.

Wanda ya fi damuna shi ne man kasko. Ki tsaya wajen mai ƙosai da sassafe ki duba: man jiya ne aka ƙara masa sabo, ya yi duhu kamar shayi, yana kumfa a gefe, hayaƙinsa na kama maƙoshi. A cikinsa za a soya ƙosai, da rana awara, da yamma dankali da fanke. Man da aka yi ta maimaita wa wuta yana lalacewa ya haifar da abubuwan da ke tayar da kumburi a jiki. Ba na cewa a kashe wa baiwar Allah sana'a. Na ce wadda ta haura 45 kada ta mayar da shi karin kumallon kullum.

Mu kuwa da Allah ya ba Kogin Kwara a Yawuri da fadamar Argungu, ba mu da uzuri a kan kifi. Giwan ruwa, tarwaɗa, karfasa: a gasa, a yi farfesu, ko a saka banda a miya. Ba dole sai ya yi iyo a mai ba.

Na rage mai sosai amma hoton bai canja ba. Me ya rage?

Suga da farar shinkafa. Hanta na iya ƙera kitse da kanta daga rarar suga, musamman na abin sha. Kwalbar lemo mai rabin lita na iya ɗaukar ƙaramin cokali 10 na suga ko fiye, alhali iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa wa baligi a yini wajen 12 ce. Ƙara shayi mai kauri, kunun da aka cika wa suga, zoɓo, fura da aka dama da cokali uku. Kebbi gidan shinkafa ce, ba wanda zai ce a bar ta, amma tuwon shinkafa da dare, ɗumamensa da safe, dafa-duka da rana ya yi yawa. A sa gero, dawa da wake a tsakani. A bar rabin kwano ga ganye: zogale, rama, yakuwa, alayyafo, kuɓewa. Kwaɗon zogale abinci ne na gaske in ba a nutsar da shi a mai ba.

Gishiri kuma na ƙoda ne. Iyakarsa giram 5 a yini, ƙasa da ƙaramin cokali ɗaya, kuma dunƙulen ɗanɗano da kanwa duk cikin lissafin suke. Albasar Aliero, tafarnuwa, citta da daddawa na rage buƙatarsu.

Waɗanne alamomi zan gani?

A farko, babu. Hanta da ƙoda masu haƙuri ne, ba sa ƙara sai abu ya yi nisa. Ciwon bayan da ake cewa "ƙodata ce" yawanci na ƙashi ne ko tsoka. Idan aka ga kumburin ƙafa ko fuska da safe, fitsari mai kumfar da ba ta bajewa, ido ya yi rawaya, ciki ya cika da ruwa, ƙaiƙayi ko'ina, aman jini ko baƙin bahaya, wannan ba na jira ba ne, a tafi asibiti a ranar. Haka jinin da ya dawo bayan shekara da ɗaukewar al'ada: ba ƙuruciya ce ta dawo ba, a je a duba mahaifa.

Wane awo zan nema, kuma a ina?

Awon hawan jini. Idan yana kai 140 bisa 90 a lokuta daban-daban, akwai magana. Awon suga kafin a karya. 126 a ma'aunin miligiram, ko 7 a ɗaya ma'aunin, alamar ciwon suga ce. Awon fitsari don neman furotin, shi ne mafi arha kuma shi ke fara tona asirin ƙoda. Awon jini na kiriyatinin, wanda daga shi ake lissafa ƙarfin tacewar ƙoda. Idan lissafin ya zauna ƙasa da 60 fiye da wata 3, ciwon ƙoda ne mai ɗorewa. Sai awon aikin hanta, awon B da C, da hoton ciki. A sani awon hanta na iya fitowa lafiya alhali kitsen na nan.

Ana yin waɗannan a Asibitin Tunawa da Sir Yahaya da Asibitin Koyarwa na Tarayya a Birnin Kebbi, kuma manyan asibitocin Argungu, Yawuri da Zuru na yin da yawa daga ciki. Abin da ya fi ƙarfinsu akan tura Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato. Ki riƙa adana takardun a leda ɗaya. Sakamako guda ba ya faɗar komai kamar na shekara uku a jere.

Tunda raguwar istirojin ce matsala, me zai hana a ba ni shi in sha?

Akwai maganin, kuma yana aiki sosai ga zafin jiki da zufar dare, yana kare ƙashi. Amma ba a ba da shi don kare hanta ko ƙoda. A 2002 wani babban bincike a Amurka ya nuna ƙaruwar daskarewar jini, shanyewar ɓarin jiki da sankarar mama ga matan da ke shan wani haɗi nasa, yawancinsu sun haura 60. Daga baya aka gane cewa wadda ba ta kai 60 ba, ko ba ta yi shekara 10 da ɗaukewar al'ada ba, haɗarinta ya fi ƙanƙanta. Mai mahaifa dole a haɗa mata da wani sinadari na biyu. Mai ciwon hanta da ke ci, ko wadda ta taɓa sankarar mama ko daskarewar jini, ba nata ba ne. Wadda al'adarta ta ɗauke da wuri kuwa, ko aka yi mata tiyata tana ƙuruciya, ita ce ta fi cancanta ta zauna da likitan mata a kan wannan. Ba abin saya a kemis ba ne.

An ce waken suya na da istirojin. In dage da awara?

Yana da wani abu mai kama da shi, amma mai rauni ƙwarai. Awara abinci ne mai kyau, sai dai a dafa ta cikin miya ko a gasa.

Magungunan ƙiba da na gargajiya fa?

Nan ne ake yi wa kai illa da kuɗin kai. Abin da ake kira sha-ka-fashe yawanci akwai deksametazon a ciki. Yana kumbura fuska da ciki, ya tayar da suga da hawan jini, ya tara kitse a hanta, ya cinye ƙashi. Duk abin da muka lissafa a sama, a ƙwaya ɗaya. Magungunan ciwon gwiwa irin su dikilofenak da ibufurofen, waɗanda iyayenmu ke sha kullum kamar goro, suna rage jinin da ke zuwa ƙoda, balle a zafin Afrilu da jiki ya bushe. Farasitamol ya fi sauƙi ga ƙoda, amma kada ya wuce giram 4 a yini, mai ciwon hanta kuma ƙasa da haka. Wasu mayukan bilicin na da sinadarin makuri, shi ma ƙoda yake ci.

Jiƙe-jiƙen "wankin hanta" da ake tallarsu da lasifika ranar kasuwa, ba wanda ya san abin da ke ciki ko nawa ne awonsa. Idan kina shan wani, ki tafi da kwalbar wajen likita. Kada ki ji kunya, ya ga irinta da yawa.

Kitsen hanta yana tafiya?

Yana tafiya, kuma wannan shi ne albishir. Rage kashi 5 cikin 100 na nauyin jiki na rage kitsen. Kashi 7 zuwa 10 na kwantar da kumburi har ya sassauta tabo. Mai kilo 80 ke nan ta sauke 4 zuwa 8, a hankali, cikin wata shida ko shekara. Yunwar gaggawa ba ta da amfani. Ƙoda ba ta da wannan gatan, abin da ya tafi ya tafi, amma ana iya riƙe sauran shekaru masu yawa idan aka kama hawan jini da suga. Wadda ƙodarta ta riga ta yi rauni sosai kada ta bi shawarar ganye da wake da ke sama sai ta tambaya, domin wasu abinci kamar ayaba da dabino na tara mata sinadarin fotashiyam.

Azumi na taimakawa?

Zai iya, idan buɗa-baki bai rushe shi ba. Ƙosai, soyayyar doya da ƙwai, lemo mai sanyi, sannan tuwo: wasu da ƙarin kilo suke fita Ramadan. Mai ciwon ƙoda ko suga ta ga likita tun watan Sha'aban.

Ba na fita, kuma maigida ba ya cin abinci sai ya ga mai. Yaya zan yi?

Abin da ake nema motsa jiki ne na minti 150 a mako, wato rabin awa sau biyar, kuma ana iya raba shi goma-goma. Zagayen tsakar gida da sauri bayan sallar asuba, kafin rana ta fito, ya isa. Shara, surfe da daka duk aiki ne. Ki karɓi taɓarya daga hannun yara wani lokaci, tsokar hannu da ta cinya su ne ke shanye suga.

Shi kuwa maigida, tumbinsa ba shi da garkuwar tun asali, don haka maganar ta shafe shi kafin ta shafe ki. Kada ki sanar da shi an rage. Ki sa cokali a bakin kwalba, wannan makon ki cire ɗaya daga abin da kika saba, bayan mako biyu ki ƙara cire ɗaya, ki ƙara albasa da daddawa. Idan miya ta huce mai ya taso, ki kwashe na saman. In ya matsa, ki ajiye masa nasa a ɗan ƙaramin kofi gefen kwano ya zuba da hannunsa, ke kuma ki ɗebi naki kafin nan.